Fuskar Tawa Ce a Allon Talla, Maganar Ba Tawa Ba

Malama mai wannan fili, salama gare ki da masu karatunki. Ki taimake ni da shawara, don wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi gaba ya ƙi baya, kuma lokaci ya matso. Ban saba neman shawara ba, ni ake nema. Amma wannan karon duk wanda zan tambaya a gidana da hannunsa a cikin maganar, shi ya sa na fito waje.

Bari in fara gaya miki ba ni nake rubutun nan ba. Ban yi makaranta ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Tela maƙwabcin shagona ne ke rubutawa, shi ne kuma mai karanta mini filinki idan aiki ya lafa. Na ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. In ya gama zan kai wa mai kemis ya sake karanta mini, in ji ko bakinsu ya zo ɗaya. Za ki gane dalilin wannan tsantseni in kin kai gaba.

Ni mai gyaran keke ne. Shagon ubana na gada, da bencinsa, da famfonsa, da kwanon ruwan da muke tsoma taya mu ga inda iska ke fita. Ban da faci, abin da aka san ni da shi shi ne riƙe abu a kai. In ana gardamar wa ya fara gina bene a layinmu, ko wace shekara ruwa ya cinye gada, ko wane ne kakan wane, wurina ake ƙarewa. A danginmu kuwa ni ake tara wa jikoki in gaya musu daga ina aka fito, wa ya haifi wa, wa ya yi faɗa da wa, wa ya fara ba da haƙuri. Ban taɓa ƙara wa labari gishiri ba, ban taɓa rage masa ba, ko da kuwa bai yi wa mai shi daɗi ba. Wannan ita ce dukiyata, ba ni da wata.

Kamfanonin wayar nan a kan idona suka zo, kuma ina riƙe da duk salon da suka bi. Da fari da babbar mota suka shigo, da lasifika, da samari na tiƙar rawa a baya, ana watso riguna da huluna mutane na turereniya kamar ana rabon gado. Daga nan suka koma fenti, su shafe maka bango kyauta da launinsu, har layinmu ya koma kamar zanen mata, kowane shago da kalar ubangidansa. Sai lema da kujerar roba. Sai garaɓasa, wai sa kati a ninka maka, wai kira kyauta bayan kowa ya yi barci, kamar mutumin kirki yana da abin faɗa a wannan lokaci. Sai gasar cin mota, wadda har yau ban ga wanda ya ci ba, ko da yake tela ya rantse ƙanin matar wani abokinsa ya ci firij. Sai wata yarinya da ke kiranka, ka gaishe ta ba ta amsawa sai zuba take yi, ashe na'ura ce. Duk wannan ya wuce ta gabana ban motsa ba. Layin waya ɗaya na riƙe tun farko. Wayar ma ita ce dai, mai maɓallai, na ɗaure bayanta da roba, tana aljihun gaban rigata kullum. Ba ta taɓa mutuwa don rashin caji ba. In an ɗauke wuta wurin mai kemis nake kai ta, yana da janareta.

Wayar da layin babban ɗana ne ya saya mini, kafin abin da ya faru ya faru. Yaron nan a shagon ya tashi, kuma zan faɗi gaskiya, hannunsa ya fi nawa. Yana iya miƙe ƙafar keke da kunne kawai, ya juya ta ya saurara ya san inda ta karkace. To a shekarar fenti sai ya zo mini da wani mutum da bokiti da buroshi. Wai za su shafe shagon kyauta, su ba shi lema, ya riƙa sayar da katin waya a bakin ƙofa. Ya ce keke ya mutu, babur ya binne shi, waya ce abincin gobe. Na ce bangon nan ubana ne ya kafa masa ƙusoshi, kowace sufana da inuwarta a jiki inda ta shekara tana rataye, buroshin wani ba zai hau shi ba ina numfashi. Magana ta yi zafi a gaban mutane. Ya faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba, na mayar masa da wadda ta fi ta nauyi. Bayan kwana kaɗan ya haɗa kayansa ya tafi wani gari mai nisa. Ya yi aure a can, ya haihu, duk a bakin uwarsa nake ji, don ita yana kiranta. Ni bai kira ni ba, ni kuma uba ba ya bin ɗa. Wannan tun shekarar da aka zuba wa layinmu kwalta ne, yanzu kwaltar har ta farfashe an yi mata faci ta sake farfashewa. Lambarsa dai tana kaina kamar ta kowa, don ni ba na ajiye suna a waya, lamba nake haddacewa. Har sabuwar da ya canza, sau ɗaya na ji autata ta karanta wa uwarta, ta zauna mini a kai.

Bara sai ga wasu mutane sun zo shago. Babu lasifika, babu bokiti. Wata yarinya ce mai tabarau da wani mai hoto, suka yi sallama, suka zauna a benci ba su kakkaɓe ƙura ba. Ta tambaye ni tarihin layinmu. Malama, rabin yini ina magana tana saurare, in na tsaya ta ce sai kuma me ya faru. Rabona da samun kunne irin wannan na manta. Da kunne suka kama ni, na yarda da wannan. A ƙarshe ta ce daga kamfanin waya suke, suna neman fuskar da in mutum ya gani zai yarda da ita, kuma sun zaga gari ba su ga kamar tawa ba. Ba su ɓoye mini cewa talla ce ba, ba zan yi musu ƙarya ba. Na yi lissafina, na ce bango na ubana ne, ba ni da ikon ba da shi, amma fuska tawa ce. Na amince. Suka biya ni hakkina ba gardama, suka haɗa mini da sabon layinsu wai da kati a ciki. Na jefa shi a gwangwanin da nake tara ƙananan notuna, yana nan har yau ban ɓalle shi daga jikin kwalinsa ba.

Ranar ɗaukan hoto na sa hulata mai kyau. Suka so in wanke baƙin man hannuna, na ce wannan man ya girme su. Suka miƙo mini wata waya sumul kamar madubi, suka ce in kara a kunne in yi dariya. Na yi dariyar har muƙamuƙina ya gaji, mai hoto na ta cewa a sake.

Bayan wata biyu ko uku aka kafa allon a shataletalen da ke kusa da tasha. Girmansa ya kai bangon gida. Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Ni ne, ba shakka. Hular ta zauna daidai, gemun ya fito fari tas, tabon da kaca ta yi mini a babban yatsa yana nan ana ganinsa daga tsallaken titi. Cikin duk tsofaffin garin nan, masu boko da masu kuɗi, mai faci aka ɗora sama. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, har yanzu ma in na tuna ina jin daɗin. Na canza hanyar zuwa shago, na riƙa zagayawa ta shataletale a kan kekena duk da ta fi nisa. Abu biyu ne kawai suka ɗan sosa mini rai. Na farko sun goge shagon, sun zaunar da ni a wani falo mai labule da tukunyar fure wanda ban taɓa shiga ba. Na biyu ba hoton dariyar suka sa ba, wani ne da nake kallon wayar a hannuna fuska a ɗaure. Akwai rubutu manya-manya a ƙasa, na ɗauka sunan kamfanin ne da farashinsu, ban tambayi kowa ba.

Daga nan mutane suka fara wani abu. In na wuce sai a ɗaga murya a ce wai an kira kuwa, ni kuma in ce ana hanya, ina zaton wasa ne na wayar da ke hannuna. Wani direba ya ƙi karɓar kuɗin motata, ya yi ta addu'ar Allah Ya shirya 'ya'yan zamani. Mai sayar da lemo ta riƙa ƙara mini ɗaya tana kallona da ido kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na ce ashe haka suna yake.

Sai wata rana da hantsi, hannuna na cikin kwanon ruwa ina neman huji, wayar ta yi ƙara a aljihu. Ina duba lambar na san ta. Ko hannun ban goge ba na ɗauka. Tun kafin ya yi magana na san numfashin ɗana, tun yana cikin zani na san shi. Ya gaishe ni. Ya ce ya ga saƙona. Ya ce allon nan nawa a garinsu ma an kafa shi, a kan hanyarsa ta zuwa aiki yake, kullum da safe sai ya wuce ta ƙarƙashinsa, ya yi ta daurewa har ya kasa. Ya ce tun kafin ya dubi fuskar ya gane ni, don ba wanda ke riƙe waya kamar sufana sai ni. Ya nemi gafara. Na ce ya wuce. Ban tambaye shi wane saƙo ba, na ɗauka uwarsa ce ta aika wani abu da sunana. Tun daga ranar duk mako sai ya kira. Ya haɗa ni da jikokina, babban ma ashe sunana aka sa masa, ba wanda ya gaya mini.

Haka muke cikin daɗinmu sai wani malamin makaranta ya kawo kekensa gyaran birki. Yana jira ya ce shi kam maganar da ke ƙasan hotona ta sa ya kira mahaifinsa ranar da ya fara ganinta. Na ce wace magana. Ya dube ni yana zaton zolaya nake, sannan ya faɗa. Wai an rubuta, Baba na jiran kiranka.

Na ajiye birkin. Na sa tela ya rufe shagonsa, na tasa shi gaba har shataletale, na ce ya nuna mini kalma-kalma da yatsa. Haka ne. Na koma na tambayi mai kemis, haka ne. Sai ga shi kuma ashe har a rediyo suna da ita, wani tsoho ne mai murya na rawa yana cewa ɗansa ya manta da shi, mutane kuma sun ɗauka ni ne. Ni muryata ba ta rawa. Kuma bari in gaya miki gaskiyar wannan hoto da ya sa direbobi yi mini addu'a. Lokacin da suka miƙo mini wayar nan mai kama da madubi, juya ta nake ina neman inda maɓallan suke, ban gani ba, shi ne na ɗaure fuska. A nan mai hoto ya danna. Ba jiran kowa nake ba, maɓalli nake nema.

Da na koma gida sai na tarar kowa ya sani. Uwar yaran ta sani tun makon farko, auta ce ta karanta mata. Tela ma ya sani, ga shi nan yana sunkuyar da kai yana rubutu, kuma na ce sai ya rubuta wannan ɗin ma. Duk sun haɗa baki sun yi shiru. Da na yi faɗa, tsohuwar ko gezau. Ta ce ta shekara da shekaru tana jiran wanda zai faɗi maganar nan a madadina, in kamfanin waya ne Allah Ya kawo, to Allah Ya yi wa kamfanin albarka. Ta ce in na kuskura na buɗe baki na ɓata abin da ya gyaru, za ta tafi ganin jikokinta, kuma kada in sa ran dawowarta da wuri. Mun kusa shekara hamsin tare, na san lokacin da take wasa. Wannan ba wasa ba ne.

To ga inda abin ke ci mini rai. Yaron ya gaya wa 'yan'uwansa cewa Baba ya hau allo ya neme shi a gaban duniya. Maganar ta zaga dangi. Ƙanina, wanda ni na goya shi, ya tako har shago ya yi mini barka wai na sauke kai, wai girma ya zo. Jikoki ana gaya musu haka. Ni da nake riƙe da tarihin gidan nan tun daga kakan kakanmu, ana kafa nawa a gabana a karkace, kuma an ce in yi shiru. In na bar wannan ta zauna, gobe da wane baki zan gaya wa yaro wa ya fara ba da haƙuri tsakanin wane da wane? Amma kuma in na ce masa ban san abin da aka rubuta ba, ban aika kowa ba, ina tsoron ya ji kamar an yaudare shi ya durƙusa a banza. Jinina ne, na san zuciyarsa, irin tawa ce. Zai iya ajiye wayar ya sake ɓacewa har a zuba wata kwaltar ta farfashe.

Kamar wannan bai isa ba, yarinyar nan mai tabarau ta dawo. Labari ya kai musu. Wai suna son hoto na biyu, ni da ɗana mun rungume juna, a rubuta a ƙasa cewa ya kira. Wannan karon ta faɗi rubutun tun kafin ta zauna, don na ce mata ba mai sake sa mini magana a ƙarƙashin gemu ban ji ta ba. Za su biya kuɗin motarsa da na iyalinsa, su ba mu sababbin wayoyi. Tsohuwar na so, auta na so. Ban ba da amsa ba. Shi kuwa yaron ƙarshen watan nan zai zo da matarsa da 'ya'yansa, zuwan farko tun tafiyarsa.

Malama, in gaya masa ko in haɗiye? Kuma me zan ce wa mai tabarau? Kada ki ce mini in yi haƙuri kawai, na san haƙuri tun kafin a haife ki. Hanya nake nema wadda ba zan rasa ɗana ba, ba kuma zan mutu da ƙarya a tarihina ba.

Tsoho mai faci

AMSA

Baba, na gaishe ka da girmamawa, na kuma gaida tela da ya rubuta har da laifinsa bai tsallake ba.

Zan fara da inda kake da gaskiya, don kana da ita da yawa. An sa maka magana a baki ba a karanta maka ba, kuma wannan ba daidai ba ne ko da an biya ka. Wanda zai ɗora fuskar mutum a bakin titi, wajibinsa ne ya gaya masa abin da fuskar za ta ce. Ka kuma karanci mutanen nan fiye da yadda suke zato. Riga da fenti da garaɓasa duk aljihu suke nema. Da suka ga kowa ya iya wannan, sai suka koma neman zuciya, don sun san wanda kewa ta kama ba ya tambayar farashin minti. Shi ya sa aka ajiye hoton dariyarka aka ɗauki na ɗaure fuska, aka goge kekuna aka sa labule. Uba mai aiki a shagonsa ba ya sa kowa jin nauyi, uba shi kaɗai a falo shi ke sa hannu ya tafi aljihu. Ba don kai da ɗanka aka rubuta maganar ba, an rubuta ta ne don duk mai uba da waya. Batun muryar rediyo kuwa, ka aika auta ta gaya musu a fili cewa mutane na jingina ta gare ka kuma ba ka yarda ba. Kana da bakin faɗar haka.

Yanzu ga inda zan saɓa maka. Kana tsoron ɗanka zai ji an yaudare shi. Baba, wane ne ɗan nan? Shi ne wanda ya kawo maka mai fenti tun kafin kowa ya waye. Ya iya karatu, yana zaune a babban gari, yana ganin irin allunan nan kullum. Ya san sarai mai gyaran keke ba ya hayar allo a shataletale, ya san kamfani ke rubuta abin da ke jiki. Ba zan rantse a kan zuciyar wani ba, amma abin da na fi zato shi ne ya daɗe yana neman ƙofa, allon ya ba shi. Da ya ce ya ga saƙonka, mayafi ya samo muku ku biyu, don ya kira ba tare da an ce ya faɗi ba, kai ma ka amsa ba tare da an ce ka faɗi ba. Irin zuciyarka ce, kai ka faɗa.

Duk da haka ban ce ka haɗiye ba. Mama tana da hujja, ita ta ɗauki nauyin shirun nan a tsakaninku shekara da shekaru, tsoronta ba na banza ba ne, kuma ka gaya mata niyyarka kafin ka yi komai. Amma mutum irinka in ya haɗiye wannan, za ta fito wata rana cikin fushi, a gaban mutane, a mummunan lokaci. Gara ta fito da daɗi. Kada ka faɗa a waya, kada ka faɗa ranar da ya sauka. Bari ya huta, yara su saba da kai. Sannan ka ja shi shago ku biyu, ka miƙa masa ƙafar keke ya miƙe maka, ka ba shi labarin yadda ka ba ni, har da neman maɓalli. Ina kyautata zaton dariya za ta riga komai fitowa.

Sai dai ka ce ba ka ƙara wa labari, ba ka rage masa. To kada ka rage wannan. A wasiƙarka ka gaya mini layin da ka ƙi canzawa duk garaɓasar duniya shi ne wanda ya saya maka, wato lamba ɗaya tak da ya san zai same ka a kai. Ka gaya mini wayar ba ta taɓa kwana ba caji, tana aljihun gaba inda za ka ji ta. Ka haddace sabuwar lambarsa daga ji ɗaya. Ka ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Ni ban ce komai ba, kai ka kawo shaidun. A ranar hoton maɓalli kake nema, wannan gaskiya ce. Sauran shekarun kuma fa? In za ka gaya masa ba kai ka rubuta ba, ka haɗa masa da wannan, in ba haka ba ka ba shi rabin labari, kuma rabin da ya fi ciwo. Ba sai ka ce ka jira shi ba in kalmar ta yi maka nauyi. Ka nuna masa wayar da robarta, ka buɗe gwangwanin notuna ya ga layin da ba ka ɓalle ba. Zai karanta.

Tarihin kuwa bai karkace ba, gyara kaɗan yake so, kuma kai ne mai gyaran. Ba ka hau allo neman kowa ba, shi ya fara kira, shi ya nemi gafara, kai kuma ba ka bar wayar ta yi ƙara sau biyu ba. Ka faɗa wa ƙaninka haka, ka faɗa wa jikoki haka. Ba wanda ya faɗi a wannan labari. In ɗanka ya tsokane ka cewa ka hana bango ka ba da fuska, ka bar shi ya ci wannan, ya daɗe yana binka ita. Kai ka tsare bangon ubanka, shi ma bai yi ƙarya ba da ya ce waya ce abincin gobe.

Mai tabarau kuma ka ba ta haƙuri. Hoton farko fuskarka ce, kai kaɗai ke da iko da ita. Na biyu sulhunku ne, ba naka kai kaɗai ba, kuma bai gama ƙwari ba balle a rataye shi a titi. Kada zuwan ɗanka na farko ya zama a kuɗin kamfani, da mai hoto yana cewa a sake rungumar. In daga baya ku biyun kun zauna kun ga kuna so, wannan shawararku ce.

Amma hoto kam a yi shi. Ku kira mai hoton unguwa ya ɗauke ku a cikin shagon, da kekuna, da sufanu a bango, da baƙin mai a hannu, da takwaranka a kan benci. Ka rataye shi a ɗaya daga ƙusoshin mahaifinka. In za a yi rubutu a ƙasa, kai za ka faɗa, tela ya rubuta, mai kemis ya karanta.

Allah Ya kawo su lafiya, Ya sanyaya zukatanku, Ya bar ka da jikokinka su ji labarin daga bakin mai shi. A gaida Mama, a ce mata ta kwance kayan tafiya.